Daga Gaɗa Zuwa Ƙwallon Raga: Yadda Mace Za Ta Saki Jiki a Filin Wasa

Matar da ke tashi da asuba ta daka gero, ta ja guga a rijiya mai zurfi, ta ɗauko jarka cike da ruwa a ka ga goyo a baya, babu mai ce mata raguwa. Amma a miƙa mata ƙwallo a gaban mutane a ce ta buga, sai ta kai gefen mayafi baki tana dariya, tana ja da baya: "Wa, ni? Ku rufa mini asiri." A Tirmini, da sauran garuruwan da ke bakin babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Takeita da Maraɗi, ƙarfin jiki ba ya cikin abubuwan da mata suka rasa. Abin da ke ɗaure musu ƙafa shi ne ido, da abin da baki zai faɗa bayan ido ya gani.

Kuma ba baƙin wasa ba ne. Wadda ke cewa ba ta iya komai ba, ita ce jiya-jiyan nan take faɗawa hannun ƙawayenta a gaɗa suna cafe ta suna cilla ta sama a dandali, ita ce gwanar carafke da ƴar gala-gala da tsallen igiya, wata ma har langa ta yi da yayyenta maza ta kayar da su. Girma ya zo, aure ya zo, aka naɗe wannan duka aka ajiye. Saboda haka wadda ke son tara mata su riƙa wasa don lafiya da nishaɗi, malamar makaranta ce ko shugabar asusu ko ungozoma, ta san cewa aikinta tono abin da aka binne ne, kuma akwai hanyar da ake bi.

A 1977 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Albert Bandura, na Jami'ar Stanford a Amurka, ya bayyana inda mutum ke samo yardar cewa zai iya wani abu. Ya kawo mafari huɗu: ka taɓa yin abin da hannunka ka ga ya yiwu, ka ga wani irinka ya yi, wani da ka yarda da shi ya ƙarfafa ka da baki, sai kuma yadda kake fassara abin da jikinka ke yi, kamar bugun zuciya da rawar gwiwa. Na farkon ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba. Ga masu shirya wasa wannan babban darasi ne, domin yawancinmu da na ukun muke farawa, mu tara mata mu cika su da jawabi: ku daure, ku cire kunya, ku yarda da kanku. Jawabi ba ya sa ƙwallo ya tsallake raga. Mace ba ta zuwa fili da ƙwarin gwiwarta a ɗaure cikin ɗankwali. A filin take samun sa, kaɗan-kaɗan, in an shirya mata abin da za ta yi ta ga ta yi.

Kafin a sayi ƙwallo, a fara da gida. Matar da ta fito a sace, rabin hankalinta na bakin ƙofa, ba za ta taɓa sakin jiki ba. Kowace ta nemi izinin maigidanta ko mahaifinta, kuma ta je da magana a shirye: ga wurin, ga ranakun, ga lokacin tashi, ga waɗanda za su je, babu namiji a ciki. "Maigida, ranar Talata da Asabar bayan la'asar ne, a makaranta, tare da su Inna, kafin magariba na dawo" ya fi "za mu je wasa" saurin samun amin. In akwai uwar miji a gidan, kada a tsallake ta. Sau da yawa ita ce ƙofar, ɗanta sakata ne kawai. Ke kuma mai shiryawa, ki sami dattijuwa biyu masu faɗa a ji, ku je wurin mai gari da limamin unguwa ku gaishe su, ku shaida musu tun kafin su ji a bakin wasu. Malamai sun san ruwayar Abu Dawuda cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha: karon farko ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta ƙara jiki ya wuce ta. Ba sai kin karantar da Malam ba. Ki ce, "Allah gafarta Malam, mun zo a sa mana albarka, a kuma faɗa mana iyakar da za mu kiyaye," ki bar shi ya kawo ruwayar da bakinsa. Abin da ya faɗa da kansa zai kare shi ranar da masu tsegumi suka taso.

Wajen tara mata, ba sai an ƙirƙiri sabuwar ƙungiya ba. Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, asusun mako-mako ya bazu ƙauyukan Nijar har ya ƙetare iyaka. Matan da suka saba zama tare suna zubi, suna bai wa juna bashi suna biya, sun riga sun yarda da juna a kan kuɗi, wanda ya fi ƙwallo wuya. Mata 8 zuwa 12 daga irin wannan zama sun isa. Dala goma-goma a mako, ba a jima ba an haɗa kuɗin ƙwallo da famfon hura shi daga Kasuwar Dole ta Damagaram, kuma abin da aka saya da kuɗin kowa ba mai cewa nata ne ta ɗauke ranar da aka ɓata mata rai.

Sai wuri, kuma a nan ne ya kamata a daɗe ana tunani. Farfajiyar makaranta bayan an tashi yara, ko filin wani babban gida mai katanga, sun fi kowane fili na bakin hanya. In babu katanga, a kafa zana ta ɓangaren da mutane ke wucewa. A duba inda samari ke kafa fadarsu suna dafa shayi, a nisance shi. Ba don mugaye ba ne, amma kalma ɗaya daga bakin saurayi ta isa ta sa matar aure ta ƙi dawowa har abada. Ɗaya daga cikin dattijan matan nan da suka raka ku gaisuwa, a shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, ta riƙe jarirai, ta kori yara maza masu leƙe. Zamanta a wurin ya fi takardar izini. A share filin sosai, a kwashe ƙarangiya da ƙaya da fasassun kwalabe, domin wadda ta taka ƙaya ranar farko ta sami hujjar da take nema.

Doka guda kuwa ba a sassauta ta ga kowa: babu ɗaukar hoto ko bidiyo. Salula duka a tara su cikin kwano ɗaya a gaban dattijuwar. Faɗuwar da a da za a yi dariyarta a manta kafin magariba, yanzu tana iya yawo a WhatsApp har Agadas da Kano, ta kai ga kunnen mijin da ke ci-rani. Mace ba za ta yarda ta gwada abin da ba ta iya ba muddin tana zargin akwai wayar da ke kallonta.

Tufafi ma suna da hannu a cikin kunya. Wadda ke gudu hannu ɗaya na riƙe da zani, ɗayan na gyara mayafi, da me za ta tari ƙwallo? Wando mai faɗi a ƙarƙashin doguwar riga da ta sauka gwiwa, da ƙaramin hijabi mai roba wanda ba ya buƙatar allura, sun warware matsalar. Telan unguwa zai ɗinka. Rigar mama mai kama jiki tilas ce, in ba a samu ta wasanni ba a haɗa biyu, domin mata da yawa sun bar tsalle saboda wannan kaɗai ba su faɗa wa kowa ba. Takalmi ya zama mai rufi, ba silifa ba. Wadda ke ganin hijabi da wasa ba sa haɗuwa, a gaya mata cewa masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya sun amince da rufe kai tun 2014, hukumar ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017, kuma a gasar cin kofin duniya ta mata ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta duniya na kallo.

Wane wasa? Ni dai ƙwallon raga nake zaɓa wa masu farawa. Ba a cakumar juna, raga ta raba tsakani, ba a dogon gudu, kuma ƴar shekara 16 da mai shekara 45 suna iya tsayawa gefe ɗaya. Filinsa na ƙa'ida mita 18 ne a tsawo da 9 a faɗi, mutum shida-shida, ragar mata kuma tsayinta mita 2 da santimita 24. Ki san waɗannan lambobi, sa'an nan ki ajiye su gefe har wata biyu ko uku. Wanda ya kafa wa sababbi raga a tsayin ƙa'ida, ya tsayar da su a layin baya ya ce su buga, ya shirya musu faɗuwa ne: ƙwallo goma, tara a raga, kowa ta tafi gida da tabbacin cewa dama ta faɗa ba za ta iya ba.

Ga yadda ake hawa. A ɗaure igiya tsakanin itace biyu daidai inda hannun matsakaiciyar mace ke kaiwa in ta miƙa shi, a rataya mata ƙyallaye don a gan ta. A rage wa ƙwallon iska kaɗan, ko a fara da na roba mara nauyi. Makon farko babu bugu sam: jefawa da cafewa ne, biyu-biyu, ana tsallake igiya. Kowace mace ta iya cafe abu. Wadda ta yi carafke ba za ta kasa ba. A mako na biyu a shigo da tare ƙwallo da hannu biyu: a ɗora tafi kan tafi, manyan yatsu su jeru, a miƙe gwiwar hannu, a ɗan durƙusa, ƙwallon ya sauka a kan damtsen ƙasa sama da wuyan hannu, ƙafafu su ɗaga shi ba wurgin hannu ba. Ki faɗa musu tun da wuri cewa wurin zai yi ja ya yi zafi kwanakin farko, kuma yana wucewa. Ciwon da aka sanar da zuwansa ba ya tsorata mutum. A wannan mataki a yarda ƙwallo ya taɓa ƙasa sau ɗaya kafin a tare shi. Bugun farawa kuma a koya shi daga ƙasa, ƙwallo a tafin hagu, a doke shi da dunƙulen dama, daga taku uku kacal da igiya. Wadda ta tsallakar sau biyar a jere ta ƙara taku ɗaya baya. Ba a ja kowa baya don ƙawarta ta ja. Kowa da layinta, ta zana shi da ƙafa a rairayi. Ranar da mace ta waiwaya ta ga layinta na makon jiya yana gabanta da taku huɗu, ba ta buƙatar kowa ya ce mata tana ci gaba.

Kada a yi gaggawar ƙirga ci. Makonnin farko a yi lissafi ɗaya na kowa da kowa: sau nawa ƙwallo ya tsallake igiya bai mutu ba? Yau bakwai, jibi goma sha ɗaya. Da haka wadda ke ɗaya gefen abokiyar aiki ce, kuma gwanar cikinsu dole ta miƙa ƙwallo a hankali ga mai rauni in tana son lissafi ya hau. A kuma riƙa wasa uku-uku a ƙaramin fili maimakon shida-shida. A cikin shida, mai kunya tana iya laɓewa a kusurwa ta yi awa guda ba ta taɓa ƙwallo ba, ta koma gida yadda ta zo. A cikin uku babu maɓoya.

Rabon ƙungiya wuri ne da ake yi wa mata rauni ba a sani ba. In aka ce gwanaye biyu su zaɓa, akwai wadda kullum ita ce ta ƙarshe, tana tsaye tana kallon ƙasa. A karya karan dawa dogaye da gajeru a yi ƙuri'a, a sake kowane zama. Kishiyoyi kuwa, da waɗanda aka san akwai ƴar tsama tsakaninsu, ni ina ganin gara a san dabarar da za a haɗa su gefe ɗaya da a bar raga a tsakaninsu. Ƙwallon da aka doko da haushin gida ba ya sauka inda ya kamata.

Yanzu bakin mai koyarwa. "Madalla" da "kin yi ƙoƙari" suna da daɗi, amma in aka yawaita su sai su zama kamar gaisuwa, ba mai ɗaukar su da nauyi. Yabon da ke zama a zuciya shi ne mai suna: "Yaya, kin ga yadda kika durƙusa kafin ya iso? Shi ya sa ya tashi." Gyara kuma ɗaya a lokaci guda, a faɗi abin da za a yi maimakon abin da aka ɓata, a matsa kusa a faɗa a hankali. Matar da ta girme ki, ki kira ta da girmanta ko a tsakiyar wasa. Inna tana nan Inna ko ƙwallo ya kuɓuce mata. Dariya ba a hana ta, don ita aka zo. Amma kowa ta san bambancin dariyar da wadda ta faɗi ke ciki da wadda ake yi a kanta, kuma ta san habaici in ta ji shi. A yi yarjejeniya ranar farko: abin da ya faru a fili a fili yake kwana, ba ya zuwa bakin rijiya ko gidan biki.

Akwai kuma abin da mace ke faɗa wa kanta, wanda ya fi na kowa kaifi. In kin ji wata ta ce "ni dama ba ni da kai," kada ki yi mata musu. Ki tambaye ta taku nawa ta fara da shi, yanzu tana nawa.

Bugun zuciya da gumin tafi kafin a fara wasa suna sa wasu su ɗauka alamar ba za su iya ba ce. Jiki ne ke shiri, kuma manyan ƴan wasa ma suna jin sa. Numfashi ta hanci a hankali, a fitar da shi ya fi shigarsa tsawo, sau uku ko huɗu, yana kwantar da shi. Minti goma na ɗumama jiki ma yana taimakawa, kuma ba abin da ya kai gaɗa a nan: tafi da waƙa da tsalle, abin da kowa ta iya, sai a shiga sabon abu da jiki a sake. Sai dai a rarrabe wannan da alamun da ba a wasa da su. Ciwon ƙirji, jiri, ganin duhu, ko haki mai tsanani a kan ɗan motsi kaɗan, a tsaya, a je asibiti. Ƙarancin jini ya yi yawa ga matan da ke haihuwa a kai a kai, kuma wadda ke fama da shi tana iya zargin kanta da lalaci alhali magani take buƙata da abinci irin su wake da zogale da hanta. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, mai ciki da wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, su ji ta bakin likita ko ungozoma tukuna. Wasu matan bayan haihuwa fitsari kan ɗan zubo musu in sun yi tsalle. A faɗi wannan a fili tsakanin mata, a yi fitsari kafin wasa, a nemi ungozoma ta koyar da motsin matse ƙasan mara, domin shiru a kansa ya kori mata da yawa. Haila ba ta hana wasa in mace na jin ƙarfi, ƙunzugu mai kyau da tufa mai duhu sun wadatar. In ba ta ji, ta zo ta riƙe lissafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako. Matsakaici shi ne wanda za ki iya magana a cikinsa amma ba za ki iya rera waƙa ba. Zama biyu ko uku na minti 45 zuwa awa guda, haɗe da zirga-zirgar yau da kullum, sun kai. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya fi dacewa a fara. A bazara, da zafin Damagaram ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, a koma sanyin safiya ko dab da faɗuwar rana, a gajarta, kowa da gorar ruwanta.

Game da ganin wani irinka ya yi, Nijar ba ta rasa sunaye ba. Aminatou Seyni ta zo ta huɗu a tseren mita 200 a gasar duniya ta 2022 a Amurka. Tekiath Ben Yessouf ta wakilci ƙasar a tekwando a wasannin Olamfik na Tokyo. Can baya, a Olamfik na 1984, Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci zinariya a tseren mita 400 na tsallake shinge. A ba da labarinsu, yana faɗaɗa tunanin ƴan mata. Amma mai ƴaƴa biyar a Tirmini ba ta ganin kanta a jikin Aminatou. Wadda ke motsa ta ita ce maƙwabciyarta mai tuyar ƙosai, sa'arta, mai jiki irin nata, da ta ga ta tsallakar da ƙwallo. Don haka in za a nuna sabon motsi, kada kullum a kira yarinyar da ta koya a koleji. A kira wadda ta iya shi shekaranjiya da kyar.

Bayan wata uku ko huɗu za su fara tambaya da kansu: yaushe za mu kara da wasu? A fara da ƴan matan makarantar garin, ko asusun unguwar da ke kusa, ƴan kallo mata zalla, dokar salula na nan. Kafin ranar a tsayar da buri wanda ke hannunsu, misali kowa ta tsallakar da bugun farawarta, ko a taɓa ƙwallo sau uku kafin a mayar, yadda ko an sha kashi akwai abin da za a ƙirga a hanyar gida. Ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar da ake tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ba su gurbi a shirin babban taron ƙasa, rana ce da ta dace da irin wannan karawa, in dai an yi ta da sassafe saboda zafi.

Wata za ta daina zuwa, wannan babu makawa. Kada a aika yaro ya tambaye ta, kada a tare ta a taron suna. Ƙawarta ta kusa ta je gida ta gaishe ta, ta ji ko magana aka yi mata, ko ciki ne, ko maigida ya canja ra'ayi, ko wani abu aka faɗa a fili da ya tsaya mata a rai. Kowanne da maganinsa. In ta dawo, a karɓe ta ba tambaya, ta koma layin da take jin za ta iya ko da ya matso gaba. Da damina ta sauka kuwa gona za ta kwashe kowa, haka ma azumi yakan tsayar da komai. Kada a bari wasan ya mutu da kansa: a zauna a sanar da hutu, a tsayar da ranar dawowa bayan an ɗaure gero an kai rumbu, a sace wa ƙwallon iska a ajiye shi a inuwa wurin ma'ajiyar asusu, zubin mako kuma ya ci gaba don a sami kuɗin raga ta gaske kafin sanyi ya shigo.